Injin Ciyawar da Ya Tona Mini Asiri

Ko da tsufa zai kwashe mini tunani kaf, ba zan taɓa mantawa da ranar da injin yankan ciyawa ya kayar da ni a gaban dangin amarya ba. Kuma ba faɗuwar ce ta fi ciwo ba, faɗuwa ai ko ɗan tatata ya saba da ita. Abin da ya biyo bayanta ne har yau in na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi.

Bari in fara gaya muku ko ni wace ce, don kada ku ɗauka wata salihar baiwar Allah ce aka zalunta. Ni mace ce mai baki. A Orozo in kuka ji ana cewa "a yi a hankali kada ta ji", to ni ake nufi. Sai da na yi jikoki sannan na shiga makarantar yaƙi da jahilci, kuma tun ranar da na iya karanta allon bakin titi da kaina na fara yi wa kaina kallon mai binciken ƙwaƙwaf. Da can in na zargi mutum, zargi ne tsurarsa. Bayan na yi boko sai zargina ya samu hujjoji, har da ta farko da ta biyu. (Malamarmu ce ta ce komai a bi shi daki-daki. Allah ya saka mata da alheri, ba ta san wa take miƙa wa makami ba.)

Abokiyar sana'ata Ladi ce, mutuniyar Filato, katanga ɗaya ce tsakaninmu. Ita ce ta riƙa raka ni makarantar nan farkon shigata, tana tsayawa a bakin taga don kada kunya ta sa in gudu. Tare muka sha rana muna sassabe ciyawar gidajen manya da adda da lauje a rukunin gidajen da ke hanyar Karshi, har Allah ya hore mana muka haɗa hannu muka sayi inji na gwanjo, irin wanda ake ja da igiya ana turawa. Fentinsa ya koɗe, ƙafarsa ɗaya tana ɗingishi, amma ja ɗaya yake tashi. Muka ajiye shi a ɗan sito a bayan gidana, kwaɗo ɗaya, makulli biyu, nata da nawa.

Matsalar ta faro ne wata rana da damina, na biyo ta gaban cocin su Ladi na ga filin a aske sumul, har da layi-layi irin wanda adda ba ta iya yi. Na tsaya na ƙare masa kallo. Mijin Ladi dattijon coci ne, kuma shi ke kula da harabar. Hujja ta farko ke nan. Da na koma gida na zura kara a tankin inji na auna fetur, washegari na sake aunawa, sai na ga kamar ya ragu. Hujja ta biyu. Na ce lallai biri ya yi kama da mutum, ana fita da injin nan a bayan idona ana yi wa coci aikin lada da ƙarfena.

Abin da ya kamata shi ne in leƙa ta katanga in ce "Ladi, kuna ɗaukar inji ne?" Magana ɗaya ta ƙare. Amma ni da duk unguwa ke tsoron bakina, wannan karon sai na rufe shi na zaɓi dabara.

Ana cikin haka 'yata ta haihu a Keffi, ya kama in je in zauna har a yi suna. Ranar Lahadi da hantsi, Ladi tana coci, na shiga sito da sifana, ƙarfen kwance noti. Dama na iya kwance wuƙar injin, tunda mu ke kai ta wurin mai walda ya wasa mana. Na tokare ta da guntun katako, na kwance noti, na zare ta, na naɗe a tsohon zani na tura ƙarƙashin gado. Na kakkaɓe hannu na ce to, ga inji ga makulli, sai in ga da abin da za a yanka. Har murmushi na yi a mota, ina jin daɗin kaifin ƙwaƙwalwata.

Da na dawo, Ladi ce ta fara tarbata da kwanon gwate mai zafi.

"Yaya, sannu da hanya! Ka dawo a daidai o. Hajiya Injiniya ya kira, za a yi walimar 'yarta a lambun gida. Ya ce mu zo mu aske ciyawa kafin a kafa rumfa."

(Ladi ba ta raba mace da namiji a magana. Ni, da mijinta, da Hajiya, duk "kai" ne. Tun ina gyara mata har na gaji.)

Hajiya Injiniya babbar ma'aikaciya ce a wata ma'aikatar tarayya, Bakatsiniya, kuma gidanta ne ya buɗe mana ƙofar sauran gidajen. Aikinta ba na wasa ba ne.

Washegari na jawo inji tsakar gida don in gwada shi. Ban mayar da wuƙa ba, saboda Ladi tana shara a ƙofarta, ina jin motsin tsintsiyarta, ba na so ta leƙo ta gan ni da sifana. Na riƙe marikin, na ja igiya yadda na saba. Jama'a, sai na ji kamar jaki ya harbe ni a hannu. Igiyar ta fizge daga yatsuna ta koma da ƙarfi, injin ya yi wani tari ya yi shiru. Na ce a'a. Na sake ja. Wannan karon har kafaɗata sai da ta amsa, kafin azahar wuyan hannuna ya kumbura kamar an cusa masa ƙosai.

Na zauna a kan turmi na fara bin abu daki-daki. Lafiya lau na bar shi. Na yi tafiya. Wa ke da makulli? Ladi. To me ya rage?

Za ku ce ai ni ma na taɓa shi kafin in tafi. Tunanin ya zo mini, na kore shi da ilimi. Wuƙa tana ƙasa, inji yana sama, me ya haɗa su? Jakin da aka sauke wa kaya ai sauri zai ƙara, ba harbi ba. Kuma na yanke cewa ba zan mayar da wuƙar ba sai ya warke, don injin da ke harbin mutum haka, wa zai ɗaura masa ƙarfe mai kaifi? Wa ke ba mahaukaci wuƙa?

Sai na shiga gyara. Na sayi sabon fulogi na sa, ya harbe ni. Na juye fetur ɗin a kwano na shinshina, na tace shi da ɗankwali ina neman gishiri ko yashi ko abin da aka zuba, ban ga komai ba sai ɗankwalina da ya lalace. Na canza baƙin mai. Na cire soson da ke tace iska na wanke shi da sabulu na shanya a igiya tare da kayan jikokina. Har tofi na yi masa, ba zan ɓoye muku ba. Duk wanda na yi sai in ja igiya, shi kuma ya rama.

Ladi ta shigo ta same ni ina daddanna hannu da ruwan zafi.

"Ayya, Yaya, sannu. Bari na duba ƙarƙashinsa mana, wataƙila ciyawa ne ya cushe."

"Kada ki taɓa shi!" Na daka mata tsawa har kajina suka watse.

Ta tsaya sororo. "Lafiya? Me ya same ka?"

"Abin da ya samu inji shi ya same ni," na ce, ina kallon cikin idonta ko za ta ƙifta. Ta ƙifta kuwa. (Kowa yana ƙiftawa. A lokacin na ƙirga ta hujja ta uku.)

Na hau keke mai ƙafa uku na tafi Jikwoyi wurin Malam Iliya mai gyaran janareto. Ban kai masa injin ba, don na san halin masu gyara, ka kai musu abu da sabon ƙarfe su dawo maka da shi da tsoho. Da baki na kwatanta masa, har da nuna yadda igiyar ke fizga.

Ya goge hannu da tsumma ya ce, "To Hajiya, irin wannan abu biyu ne ko uku. Na farko, in an daki dutse ko kututture da shi yana cikin aiki, akwai wani ɗan ƙarfe a samansa da ke gutsurewa, sai wuta ta riƙa kamawa kafin lokacinta. Na biyu kuma..."

"An daki dutse ka ce?"

"Eh, wannan ɗaya ke nan. Na biyu..."

"Ni ban taɓa dukan dutse da shi ba."

"To ai shi ya sa nake cewa ki tsaya, ban gama ba."

"Ka gama, Malam Iliya. Allah ya yi albarka."

Na juya na tafi yana kirana. Filin cocin nan duk tsakuwa ne, na san shi. A raina shari'a ta ƙare, saura yanke hukunci. Kuma na san inda zan kai ƙara: gaban Hajiya Injiniya, wadda ta karanci ƙarfe a jami'a. Ita za ta buɗe inji ta nuna ɓarnar, ta san ba daga gare ni aikinta ya lalace ba. Daga nan in raba gari da Ladi, kowa ya kama gabansa.

Ranar aikin na ɗaure ƙasan injin da buhu, na ce don kada mai ya ɓata keken mutane ne. Wuƙar kuwa dole in tafi da ita, ko da Hajiya za ta gyara shi nan take, sai in faki ido in mayar. Amma hannun damana ya kumbura, na hagu yana riƙe da inji a keke. Sai na miƙa wa Ladi ƙunshin zanin.

"Riƙe mini wannan. Muciya ce, gudummawar biki."

Ta ɗora a cinya ta jinjina. "Wannan muciya naka akwai nauyi o."

"Ta icen ƙirya ce."

Ko a jikina. Allah ya yafe mini.

Muka tarar da gidan ya cika. Gwaggonnin amarya da suka zo daga Katsina sun baje a inuwar baranda, wasu na tsintar shinkafa, wasu na murza alkaki, ga bahon ruwan wankin shinkafa a gefen ciyawa. Ciyawar kuwa ta kai ƙwauri. Hajiya ta fito da tabarau a goshi da waya a hannu, 'yar siririya da ita, ba ka ce ita ke juya maza a ofis ba.

"Sannunku da zuwa. Ku fara ta can baya, masu rumfa suna hanya."

Na gyara tsayuwa, na ɗaga murya yadda baranda za ta ji. "Hajiya, kafin a fara akwai magana. Injin nan ba ya tashi, kuma ba haka kawai ba, ruwa ba ya tsami banza. Na yi tafiya na bar shi lafiya, na dawo na tarar an fita da shi a ɓoye an je an daki dutse. Mutum biyu ke da makulli. Ni ina Keffi."

Tsintar shinkafa ta tsaya cak.

Ladi ta dube ni, ƙunshin yana rungume a ƙirjinta. "Yaya, ni?"

"Ban kira suna ba. Mai kaza a aljihu shi ba ya jimirin as."

Hajiya ta sauke tabarau kan hanci. "Me yake yi in an ja?"

"Yanzu kuwa za ki gani da idonki."

Na kwance buhun na zare shi ta ƙasa a hankali, na kama igiya da hannun hagu, har na naɗa ta a tafin hannu don kada ta kuɓuce. Na tattara duk fushin da na tara na ja. Injin ya tattara nasa ya mayar. Ya fizgo ni gaba, cikina ya daki mariki, silifas ɗina suka zame a jiƙaƙƙiyar ciyawa, na yi taga-taga na koma da baya na zauna daram a cikin bahon ruwan shinkafa. Ɗankwalina ya yi nasa wuri. Wata gwaggo ta saki salati, wata ta toshe baki da mayafi kafaɗunta na rawa.

Ina cikin bahon ban fasa ba. "Kun gani ko? Kun ga abin da aka yi masa!"

Hajiya ba ta yi dariya ba. Ta ajiye waya, ta zare wayar fulogi, ta kama mariki ta kishingiɗar da injin gefe ta leƙa ƙasansa. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta ɗago.

"Ina wuƙar?"

Kafin in haɗiye yawu wata gwaggo mai carbi ta ce, "Au! Har wuƙar ma an sace?"

Duk idanun barandar suka koma kan Ladi. "Ikon Allah," in ji wata, "mutum mugun icce ne. Ki ci da shi ki sha da shi." Wata ta jawo jakarta kusa da ƙafarta. Wannan jan jakar shi ya tsaya mini a rai har yau.

 Idanun Ladi suka ciko. Ta sa hannu ɗaya ta kwance bakin zaninta, ta ciro makullin sito ta miƙo mini. 

Ba zan yi muku ƙarya ba, Shaiɗan ya raɗa mini cewa yi shiru, ai kin ci shari'a, karɓi makulli. Kuma na saurare shi na ɗan lokaci, ina zaune a ruwan shinkafa. Sai na tuno fuskar nan a bakin tagar aji, tana yi mini alama da hannu in zauna kada in gudu.

Na buɗe baki na ce, "Wuƙar tana hannunta."

Baranda ta ɗauki salati gaba ɗaya.

"A'a! Ku tsaya! Ni na ba ta riƙo. Ita ce a cikin zanin nan. Ni na kwance ta."

Ladi ta dubi ƙunshin, ta dube ni, ta warware zanin a hankali. Ga wuƙa tana sheƙi, har da notinta da na ɗaure a leda.

"Yaya," ta ce, "wannan ne muciya?"

Da ƙasa tana da ƙofa da na shige, da bahon da komai.

Hajiya ta karɓi wuƙar ta jinjina ta a hannu. "Tun yaushe kike jansa babu wannan?"

"Tun da na dawo."

"To ai shi ne ciwon. Irin waɗannan ƙananan, nauyin wuƙar ne ke taya su juyawa. Kin san mai tura baro a hawa, in bai taho da gudu ba, yana kaiwa tsakiya baron zai dawo masa. Haka injin yake. Babu nauyin da zai haye da shi, sai wuta ta kama ya komo da baya ya fizge igiya. Ba wanda ya daki dutse. Kawo sifana."

Sifanar ma a jakata take. Na fito daga baho ina ɗiga na miƙa. Aka ɗaura wuƙa aka ɗaure tam, aka mayar da wayar fulogi. Hajiya ta ce Ladi ta ja. Ja ɗaya. Munafukin ya tashi yana gurnani kamar bai taɓa harbin kowa ba.

Na ɗauka an gama, ashe da saura. Hajiya ta sa aka kashe shi, ta ce, "Ni abin da ban gane ba, me ya sa kika cire ta tun farko?"

Nan fa. A gaban matan Katsina, kaina ba ɗankwali, na bi abu daki-daki: filin coci, layi-layi, mijin Ladi, kara a tanki. Ban taɓa jin hujjojina da kunnena ba sai ranar. Kowace na faɗa sai in ji ta ƙara ƙanƙancewa.

Ladi ta share ido da bakin zani. "Cocinmu yana da inji nasa, Yaya. Sabo ma, ya fi namu. Kuma karan da kake aunawa, ina ganinka ta katanga. Kullum sabon kara kake karyowa, wani dogo wani gajere. Na ɗauka aikin makaranta ne aka ba ka."

Gwaggo mai carbi, wadda ta fara kiran sata, ita ce ta fi kowa dariya, har da hawaye. Wadda ta ja jaka kuwa ta tashi ta zubo wa Ladi alkaki cike da faranti. Ni ba wanda ya ba ni ko gutsure.

Ladi ce ta tura inji ranar, ni ina binta da manjagara da jiƙaƙƙen zani, duk inda na gifta sai in ji ana cewa "a ba mai muciya hanya". Muka gama kafin masu rumfa su sauke ƙarafunansu. Muka hau keke muka kama hanyar gida. Na ce "Ladi, ki yi haƙuri", ta kalli titi. Na ce "sharrin Shaiɗan ne", ta ce wa mai keke ya yi a hankali akwai rami. Makullinta da ta cusa mini a hannu bayan an gama aiki yana ƙulle a bakin zanina yana ƙona ni, na riga na sallama cewa na rasa ta.

Da muka sauke inji a ƙofar sito sai ta miƙo hannu. Na ɗauka makulli take so, na fara kwancewa da sauri.

"Ba shi ba. Sifana."

Ta durƙusa, ta tokare wuƙar da katakon nan nawa, ta kwance ta, ta naɗe a tsohon zanin, ta saɓa a kafaɗa.

"Daga yau inji yana kwana a wurinka, muciya yana kwana a wurina. Ni ba zan iya sata ba, kai ba za ka iya aiki ba. In kana so, ka zo ƙofana ka yi sallama, ka tambaya da baki. Tunda Allah ya ba ka baki babba."

Haka muke har yau. Duk ranar aiki sai na je na yi sallama, na gaishe ta, na gaishe da dattijon cocin da na mayar ɓarawon fetur, sannan a fito mini da muciya. Wani lokaci da gangan take barina a tsaye sai ta gama shan kunu.

Abin da na koya? In mai gyara ya ce abu biyu ne ko uku, ki zauna ki ji na biyun. In kuma kin tashi neman wanda ya lalata miki kaya, kafin ki leƙa gidan maƙwabta fara leƙa ƙarƙashin gadonki.